Zauren Fasaha: Me ya hana Java zama sarki a wayar hannu?

 

A wannan makon mun jingine abin da muka shirya, saboda wata wasiƙa da ta zo mana daga wata ɗaliba 'yar SS2 a Kurfi. Ga abin da ta ce:

"Malam, malaminmu na kwamfuta ya ce mana akwai wani yaren kwamfuta mai suna Java, wanda idan ka rubuta manhaja da shi sau ɗaya za ta yi aiki a kowace na'ura. To yayana ya ba ni tsohuwar memorinsa cike da wasannin Java, na saka a Android ɗin antina, ko ɗaya bai buɗe ba. Ni kuma burina in haɗa wa Innarmu manhajar rubuta adashe, domin ita ce uwar adashe a unguwarmu, kuma sau biyu ana rigima a kan wadda ta zuba da wadda ba ta zuba ba. Sai dai ƙaramar waya gare ta, haka ma yawancin matan. Na tara kuɗi daga awarar da nake soyawa lokacin hutu, ina so in biya a koya mini Java a wani shago a Dutsin-Ma. In biya ko in fasa?"

Ƙanwata, Allah ya yi miki albarka da wannan tunani. Kuɗin awara kuɗin gumi ne, don haka ba zan ba ki amsa a tsaitsaye ba. Malaminku bai yi ƙarya ba, ke ma abin da kika gani da idonki gaskiya ne. Bari mu bi labarin daga tushe, a ƙarshe ki yanke hukunci da kanki.

Alkawarin 1995

Kowace na'ura da yaren da take ji. Manhajar da aka rubuta don kwamfuta mai Windows ba za ta yi aiki a kwamfutar Apple ba, sai an sake gyara ta. Wannan ya daɗe yana ci wa masu rubuta manhaja tuwo a ƙwarya: aiki ɗaya, a yi shi sau uku ko huɗu.

A 1991 wasu injiniyoyi a kamfanin Sun Microsystems na Amurka, cikinsu har da James Gosling, suka fara neman mafita. A 1995 suka fito da Java, sunan da aka aro daga gahawar tsibirin Java na ƙasar Indunusiya. Kirarin da suka yi masa shi ne: rubuta sau ɗaya, ya yi aiki a ko'ina.

Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Ki ɗauka wani Bature ya shigo kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma zai sayi akuya wajen Bafulatani. Ba su jin juna, sai an samu tafinta a tsakani. To Java ma haka yake. Mai rubuta manhaja ba ya magana da na'urar kai tsaye. Yana rubutu ne don wata manhaja da ake kira JVM, wadda ke zaune a cikin na'urar tana aikin tafinta. Ita ce ke karɓar umarnin ta fassara wa na'urar da yaren da take ji. Duk na'urar da ke da wannan tafinta za ta iya karanta rubutun.

Ki riƙe wannan sharaɗin da kyau, domin a nan gizo ke saƙa: sai in akwai tafinta, kuma sai abin da maigidan na'urar ya yarda tafintan ya taɓa.

Zamanin turi da Bluetooth

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, lokacin yawancinku ko auren iyayenku ba a yi ba. Wayoyin wancan zamani ba su da ƙarfin ɗaukar cikakken Java irin na kwamfuta. Sai aka yanko musu wani ɗan guntu mai suna J2ME, wanda aka sanar tun 1999. Fayilolinsa su ne masu ƙarewa da .jar, irin waɗanda kika gani a memorin yayanki.

Ku tambayi yayyenku da kawunnanku, za su ba ku labari da murmushi. Da Java ɗin nan ne yawancinmu muka fara shiga intanet, ta Opera Mini, wata manhaja ta wani kamfani a ƙasar Norwe. Ita ba ta ɗora wa waya nauyi. Manyan kwamfutocin kamfanin ne ke karɓar shafin su matse shi ya ƙanƙance, sannan su aiko wa waya, shi ya sa data kaɗan take ci. Da shi muka yi 2go, wadda ta fito daga Afirka ta Kudu ta hana samari da 'yan mata barci kafin WhatsApp ya yi ƙarfi. Da shi muka buga Bounce Tales da Real Football a kan Nokia 2700 da ire-irenta.

Ni ma na yi wannan zamani a Dutsin-Ma. Akan je wurin masu turi a biya 'yan canji a saka wa mutum wasa a memori, ko a tura wa juna ta Bluetooth a bayan aji. Wata rana na ga wasan ƙwallo a wayar abokina, ya burge ni, na sa ya tura mini. Da na buɗe a tawa, rabin fili kawai nake gani, gola da raga duk sun ɓace a bayan gilashi. Na sake karɓar wani wasan, wayar ta ce ya yi mata girma. Na uku ya buɗe, amma madannin da ke bugun ƙwallo a wayarsa, a tawa fita yake yi daga wasan. A lokacin na ɗauka wayata ce ta lalace. Ashe alkawarin ne ya fi ƙarfin mai alkawarin.

Baƙo iyakarsa zaure

Abubuwa huɗu ne suka taka wa Java birki a wayoyin nan.

Na farko, ƙarancin wuri. Wasu wayoyin Nokia na farko ba sa karɓar fayil ɗin Java da ya wuce kilobait 64. Hoto ɗaya da kuke ɗauka yau da wayar Android ya ninka wannan sau da yawa. A irin wannan ɗan akurki, manhaja ba ta da sararin miƙe ƙafa.

Na biyu, bambancin gilashi da madannai. Wata wayar gilashinta 128 da 128 ne, wata 128 da 160, wata 176 da 220, wata 240 da 320. Tela ne aka ce ya ɗinka riga ɗaya da za ta shiga ɗan yaye, ta shiga ɗan dambe. Dole kamfanonin wasanni suka koma fitar da wasa ɗaya a siga daban-daban, kowace waya da tata. Har masu rubuta manhaja suka juya kirarin cikin barkwanci: rubuta sau ɗaya, ka yi ta gyara a ko'ina.

Na uku, izini. A gidan Bahaushe, baƙo namiji iyakarsa zaure. Za a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwa da fura, amma ba zai leƙa cikin gida ba sai maigida ya yi masa iso. Haka Java ya zauna a cikin waya. Kira da saƙo da lambobin mutane da agogo, duk na tsarin wayar ne na asali, shi ne maigida. Idan manhajar Java tana son shiga intanet, ko buɗe hoto a memori, ko aika saƙo, sai wayar ta tsaya ta tambayi mai ita ko ya yarda, wani lokaci a kowane motsi. A yawancin waɗannan wayoyi kuma, kina fita daga manhajar ta rufe ke nan. An yi haka ne don tsaro, kada wata muguwar manhaja ta kwashe wa mutum kati ko ta saci sirrinsa. Tsaron ya yi amfani, amma ya ɗaure wa baƙon hannu.

Na huɗu, ba kowace waya ce ke da tafintan ba. Nokia 1100 mai tocila, wadda ta cika ƙauye da birni, ba ta da Java. Da yawa daga cikin ƙananan wayoyin da ake sayarwa yau su ma ba su da shi. Akwai yiwuwar wayar Innarku tana cikinsu.

Da manyan wayoyi suka zo

A 2007 kamfanin Apple ya fito da iPhone, kuma bai saka mata tafintan Java ba. Ya ce mai son rubuta manhaja don wayarsa ya bi ta ƙofarsa, ya yi amfani da kayan aikinsa. Yaren da aka fara da shi Objective-C ne, a 2014 kuma suka kawo nasu mai suna Swift.

A 2008 wayar Android ta farko ta fito. Nan ne amsar tambayarki ta farko take. Google ya ɗauki yaren Java, wato kalmominsa da nahawunsa, amma bai ɗauki tafintan Sun ba. Ya ƙera nasa mai suna Dalvik, daga baya ya maye gurbinsa da ART. Manhajar Android kuma a .apk take zuwa. Saboda haka idan kika miƙa wa Android fayil ɗin .jar na tsohuwar Nokia, kallonsa kawai za ta yi. Kama da wane ba ta wane. Wasannin yayanki lafiyarsu ƙalau, gidan ne ba nasu ba. Akwai wata manhaja mai suna J2ME Loader da ke kwaikwayon tsohuwar waya a cikin Android, da ita za ki iya buɗe da yawa daga cikinsu.

Wannan aro da Google ya yi sai da ya kai kotu. Kamfanin Oracle ya sayi Sun a 2010, a shekarar kuma ya maka Google a gaban alƙali kan ya kwafi wani sashe na Java. Shari'ar ta ci fiye da shekara goma, sai a watan Afrilun 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta ba Google gaskiya. Kafin nan ma Google ya riga ya juya akala: a 2017 ya karɓi wani yare mai suna Kotlin, a 2019 ya ce shi ya fi so a rubuta manhajar Android da shi. Ita kuwa tsohuwar duniyar .jar a hankali ta dusashe. WhatsApp ya daina aiki a wayoyin Nokia S40 a ƙarshen 2018.

Ku lura da wani abu a nan, ɗalibai. Ba rashin kyau ne ya hana Java mulkin waya ba. Kowane kamfani yana son riƙe makullin gidansa ne, domin a nan kuɗin yake. Wanda ya mallaki shagon da ake sauke manhaja, shi ke yanke wanda zai shiga da kason da za a biya shi. Yaren da ke yawo gida-gida ba tare da neman izinin kowa ba, ba abokin irin wannan ciniki ba ne.

Java ya mutu ke nan?

Ko kusa. A manyan kwamfutocin bankuna da kamfanoni, inda ba a ganinsa, Java yana nan yana ɗaukar kaya, kuma a can kirarinsa ya fi cika. Manhajojin Android masu ɗimbin yawa da shi aka rubuta su, kuma har yau ana iya rubutawa. Jami'o'i da dama suna koyar da shi. Hatta layin waya da yawa suna ɗauke da wani ɗan ƙaramin nau'insa mai suna Java Card. Wato yana iya kasancewa a cikin wayar Innarku a ɓoye, sai dai ba a inda ke za ki iya aika masa manhaja ba.

Kada kuma a ruɗe ku da JavaScript. Shi ma a 1995 ya fito, amma daga wani kamfani daban mai suna Netscape, kuma aikinsa a shafukan intanet ne. Sunan kawai ya haɗa su, kamar Musa na Kurfi da Musa na Kankara.

Burin nan na rubuta sau ɗaya bai mutu ba shi ma. Facebook ya fitar da React Native a 2015, Google ya fitar da cikakken Flutter a 2018, duk don a rubuta manhaja guda ta yi aiki a Android da iPhone. Suna taimakawa ƙwarai. Amma su ma idan aka zo kan kyamara ko sanarwa ko biyan kuɗi, sau da yawa sai an koma an lallashi kowane maigida da yarensa. Kuma babu ɗayansu da ya san da zaman ƙaramar waya mai madannai.

Abin da kowace waya ke ji

Akwai abubuwa biyu da suka cika alkawarin da Java ya kasa cikawa, ba tare da wani kirari ba. Na ɗaya saƙon tes. Na biyu lambobin nan masu tauraro da ake kira USSD, irin *310# na duba kati da *312# na sayen data. Waɗannan suna aiki a iPhone, suna aiki a waya mai tocila, domin a jikin tsarin GSM suke, ba sa buƙatar data ko sauke wani abu. Shi ya sa bankuna ke ba da irin waɗannan lambobi, shi ya sa kuma JAMB ke sa ɗalibi ya tura lambarsa ta NIN ta saƙon tes zuwa 55019. Sun san ba kowa ke da babbar waya ba.

Su ma da iyakarsu, kuma mutanen Kurfi da Dutsin-Ma sun fi kowa sani. A watan Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da waɗannan biyun. Watanni aka yi ba kira, ba saƙo, ba data. A wancan lokaci manhajar da ke dogara da intanet ta zama hoto, abin da aka adana a cikin waya ko a littafi ne kawai ya yi rana. Duk wanda zai ƙera wa mutanenmu manhaja bai kamata ya manta da wannan ba.

To ki biya ko ki fasa?

Idan niyyarki ki koyi Java don ki saka manhaja a ƙananan wayoyin matan unguwarku, ki riƙe kuɗinki. Wannan ƙofa ta rufe. Lambar USSD kuma sai da yarjejeniya da kamfanonin waya da kuɗi masu kauri, ba aikin ɗaliba ba ce a yanzu.

Amma matsalar Innarku tana da magani. Manhajar ba ta buƙatar zama a waya goma sha biyu. Ta zauna a Android guda, ta antinki ko ta yayanki, ta riƙa adana lissafi a cikin wayar ko babu sabis, sannan duk wadda ta zuba a tura mata saƙon tes a matsayin shaida. Saƙon zai shiga kowace irin waya. Kuma kada a jefar da littafin adashen, domin waya tana faɗawa ruwa.

Kafin ki biya kowa, ki yi abubuwa uku. Ki fara gwada MIT App Inventor a ɗakin kwamfutar makarantarku ko a shagon intanet. Kyauta ne, kuma da jera tubala ake haɗa manhajar Android da shi, ba sai an haddace kalmomi ba. Idan kika ga abin ya kama ki, sai ki je shagon tare da wani babba daga gida, ki tambayi mai koyarwar ya nuna miki manhajar da shi ya rubuta tana aiki a waya. Sannan ki tambaya ko za ki samu kwamfuta ke kaɗai a lokacin darasi, kuma mai ƙarfi, domin Android Studio, inda ake wannan aiki, yana son RAM mai gigabait 8. Idan mutum biyar za ku taru a kan kwamfuta ɗaya kuna kwafar allo, kuɗin awara ya fi wannan daraja.

Idan an cika waɗannan sharuɗɗa, ki biya, ba asara ba ce. Abin da za ki koya a Java, wato yadda ake adana bayani, da yadda ake cewa "idan kaza ya faru a yi kaza", da yadda ake maimaita aiki har ya ƙare, shi ne dai za ki tarar a Kotlin da Python da duk yaren da zai fito gobe. Wanda ya iya tuƙa Golf ba ya shan wahala a Sharon. Kuma ki riƙe lissafi da fiziks da hannu biyu. Jami'ar Tarayya da aka kafa a Dutsin-Ma a 2011 tana koyar da kimiyyar kwamfuta, ga ta nan kusa da gida.

Aikin gida

Wannan na kowa ne, kuma ba ya buƙatar waya. Mata 12 ne ke adashe, kowacce tana zuba Naira 500 duk mako, mutum ɗaya ke kwasa. Ku ɗauki biro da takarda ku rubuta da Hausa, mataki bayan mataki, umarnin da za ku ba na'urar da ba ta da wayo ko kaɗan, domin ta gano abubuwa uku: su wa ba su zuba ba a wannan makon, nawa aka tara, kuma wace ce ke da kwasa. Ku ƙara da wannan: me na'urar za ta yi idan mai kwasar makon ita kanta ba ta zuba ba?

Ku ba abokinku takardar ya bi umarnin kamar shi ne na'urar, ba tare da ya yi muku tambaya ba. Duk inda ya tsaya yana zare ido, nan kuskurenku yake, sai ku gyara. Wanda ya yi wannan ya rubuta manhajarsa ta farko, saura kawai ya zaɓi yaren da zai zuba ta a ciki.

Ku aiko da amsoshinku tare da sunan makaranta da aji, za mu buga uku da suka fi tsari. Ke kuma ƙanwata ta Kurfi, ki gaishe da Inna, muna jiran labarin yadda ta kaya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.